Babur ɗin Kawu Malami

Gab da bikin samun 'yancin kai, Malami mai sayar da atamfa ya kai wa Attahiru bakanike, ɗan ƙanwarsa, tsohon babur ɗinsa da ya gaji da yawon kasuwanni. Gyara kawai ya nema, amma Attahiru ya rarake silindar injin, ya sa babban fistin don ƙara gudu, yana cika baki a Sabon Gari cewa sai babur ɗin ya tsere wa mota.

Ranar bikin, Malami bai wuce Unguwar Rogo ba silindar ta tsage, baƙin mai ya ɓata masa sabuwar riga a gaban jama'a.

Ya turo babur ɗin har gareji. A hankali ya ce, "Attahiru, mi niy yi maka?"

Attahiru ya kasa ɗaga kai. Har aka watse shagali bai leƙa waje ba.