Sunan da Aka Goge a Injin Markus

A zauren Alhaji Maigandi, dillalin fatun jar akuya na Unguwar Rogo, aka ƙulla maganar. Lokacin mulkin soja ne, wutar lantarki sai an ga dama. Markus, ɗan wani malamin makaranta daga Zuru, yana da kwamfuta a shago amma ba janareta. Alhaji yana da janareta, yana kuma da Bature mai sayen fatunsa a Italiya da ya gaji da jiran waya.

"Ranka shi daɗe, aikin injin nan kamar na mai unguwa ne," in ji Markus. "Saƙo in ya taso daga Turai, suna yake tambaya. Injin ya duba sunayen da na sa masa, ya nuna gida."

"To sa nawa. Ka ɗauki janareta."

Markus ya sa sunan. Saƙo ya riƙa zuwa, fata tana tafiya.

Ana nan sai aka naɗa Alhaji Sarkin Majema. Ko rawanin bai gama zama ba ya iso shago, ya ce a cire Maigandi a sa sarautar.

Markus ya juyo daga injin ya dube shi. Ya san Baturen suna ɗaya ya sani, ga fatun bana jibge a sito suna jiran maganarsa.

"A bar su duka biyu mana. Tsohon ya riƙa nuna sabon."

"Ɗan malam, uwar 'ya'yana ta bar kirana da sunan ga. Liman ya bari. Sai ƙarfe? Mi ad darajar rawanin in kowane ɗan dako na duniya zai kira ni gatsau?"

"To a fara sanar da Baturen."

"Ni in yi shelar kaina? Shi ji a gari."

Markus ya so ya bar tsohon sunan a injin a ɓoye, sai ya ga cin amana ne. A gidansu ma bai taɓa jin uwarsa ta ambaci sunan ubansa ba. Ya goge.

Saƙo ya ɗauke. Kullum Markus ya duba, ba komai. Damina ta kawo kai, sito ya fara wari.

Ran nan Markus yana zauren Alhaji, sai ga Gidaɗo, wani mai fata da ya koma Kano, ya yi sallama. Da ya ga Alhaji sai ya yi turus.

"Ashe kana nan? Bature ya ce duk saƙon da ya aiko dawowa yake, wai babu mai wannan suna. Ya ba ni gaisuwar ta'aziyya in kawo wa iyalinka. Fatun bana ma a wurina ya saya."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Da baƙon ya fita, ya dubi Markus.

"Maishe shi. Amma sarautar ta zauna sama."

A inji babu sama babu ƙasa, amma Markus ya ce to.

Gidaɗo dai ya ci kasuwar bana. Markus ya tsira da janareta. Sarkin Majema ya karyar da fatunsa ga dukawan gari, ya samu gaisuwar mutuwarsa yana zaune da ransa.