Wayar Motar Kumandan

Ran da kumandan zai tafi rangadi Kornaka, mota ta ce ba da ita ba. Mainassara, shofer, ya taka demarer, abin tada injin, har ya yi gumi. Ba a jin komai sai "ƙat, ƙat".

Da ma Mainassara mutum ne mai saurin baki. Kafin a tambaye shi ya nuna Agali, Buzun da ke gadin motar. "Shi ɗai ya tsaya kusa da ita, kuma ga wuƙa ga damtsenai."

Kumandan, wanda ko tarin tafinta zargi yake yi, ya ce in har yanka waya aka yi, Agali zai ga kaso. Agali ya gyara rawaninsa.

Aka kira Samba makanike. Shi kuwa ba ya yarda da bakin kowa, har da na mota. Ya danna ham, ta yi ƙara. Ya kunna fitila, ta kawo. "Batir na da rai," in ji shi. Sai ya kwanta a ƙasa, ya bi babbar waya da yatsa daga batir, taƙi bayan taƙi, har ƙarƙashin kujerar shofer. Nan ya same ta a tsinke, sai zare biyu ke riƙe da ita.

"Ga ta nan! Ban faɗi ba?" in ji Mainassara.

Samba ya harare shi. "Wuƙa yanka guda taka yi. Wanga cizo ne, kusu ya gaigaye ta."

Tafinta ya juya wa kumandan maganar cikin harshensa. Kumandan ya tsuke fuska, ya ce me kusu zai ci cikin ƙarfe? Samba ya sa hannu can ciki, ya jawo ƙunshin tsumma. Cuku ne, rabinsa ya tafi. Kowa ya san an hana ɗaukar kayan gida a motar gwamnati, shi ya sa aka cusa shi nan.

Mainassara ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Wallahi ni da nake tsaye cikin 'yan kallo sai da na ji kunya.

Agali ya karɓi ƙunshin, ya juya shi a hannu, ya dube shi da kyau.

"Cukun Zalika ne, matata," ya ce a hankali. "Ni na ba ka shi shekaranjiya, Mainassara, ka kai ma ɗiyanka."