Fitilar Ya Mala da Tunkiyata

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, shi ma a bayan ɗakin girki inda ba mai ganina balle ya aike ni. Wannan ne labarina na farko, in kun ga kuskure ku ɗauke kai. Da akwai mai saurarona a gidanmu, da baki zan faɗe shi in huta.

Yayana Mala yana da mota. Kowa a unguwarmu ta Dogo Nini ya san ta, domin kafin a gan ta an ji ta. Ja ce, ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar kwanon da aka kife, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Wai motar tsere ce. Iyakar tseren da na taɓa ganin ta yi shi ne daga ƙofar gidanmu zuwa majalisarsu ta gindin dalbejiya, inda ko Umma da ciwon gwiwarta a ƙafa za ta je. Buhun gero ba ya shiga cikinta. Wanda ya zauna a baya kuwa sai ya naɗe ƙafa kamar mai zaman tahiya.

Saboda fitilunta ya saye ta. A kwance suke cikin bonet, a rufe, sai an murɗa maɓalli su ɗago kamar kwaɗo ya leƙo daga kududdufi. Da rana tsaka Ya Mala zai zauna yana ɗaga su yana sauke su, musamman in 'yan matan Islamiyya sun taso. Mutum mai gemu fa.

Ranar kasuwar shanu ya shiga da ita har bakin kara, wai zai gaisa da aboki. Mai hankali ko babur ba ya kaiwa can a ranar. Wani bajimi da ake ja zuwa tirela ya juya kai, ƙahonsa ya sami fitilar gefen direba, ya fasa gilashin, ya lanƙwasa ƙarfen da ke ɗaga ta. Haka motar ta dawo gida, ɗaya tana tashi ɗaya tana kwance. Ya Mala bai ci tuwo ba ranar. Da kawunmu ya rasu ya ci, har da ƙari.

Ni kuma ina da tumaki biyu. Ranar sunana kakarmu Ya Kaka, da ke zaune a unguwar Yindiski, ta ba ni tunkiya kamar yadda take ba kowace jika mace. Waccan ta daɗe da mutuwa, amma zuriyarta ce ta saya mini littattafai da kayan makaranta, ɗaya bayan ɗaya, har suka rage biyu: rago, da tunkiya uda, gabanta baƙi bayanta fari. Kowa a gida ya san aikinsu. Ragon na rajistar jami'a ne. Tunkiyar tana da ciki, abin da za ta riƙa haifa shi zai riƙe ni a makaranta. In babu ita, babu karatun.

Aka kira Abbas mai wayarin daga garejinsa na unguwar Bolewa. Ya zagaya motar yana girgiza kai kamar an kai shi dubiya asibiti.

"Yallaɓai, wannan ta wuce gyara. Sai dai mu kafe ta a buɗe, mu sa mata ƙwan wata motar."

"A kafe ta? So kake a ce taksi nake ja?"

"Ni ma na faɗa ne kawai. Irinku ai ba sa ɗaura jabu. Sai 'yar Beljiyam, daga Legas."

Abbas yana kiran Ya Mala yallaɓai ne tun ranar da ya gane ba ya neman ragi. Ya ba shi lambar wani ɗan kasuwa a Legas. Mutumin ya ce a tura masa hoton wadda ta fashe, don kada a yi kuskure.

To, Ya Mala bai taɓa ɗaukar hoton komai ba tare da fuskarsa a ciki ba. Ko abinci ne, ko jaririn maƙwabta. Sai da ya yi wanka, ya kafa hula zanna, ya sa baƙin tabarau, sannan ya juya wa motar baya, ya ɗaga waya sama, ya ɗauka da kyamarar gaba. Kansa da hularsa suka rufe gilashin gaba gaba ɗaya, ko sitiyari ba a gani. Ya tura, ya rubuta a ƙasa: ga ta nan.

Da aka faɗi kuɗin sai da Umma ta nemi kujera. Fitila ɗaya tal, kuɗin rago mai ƙiba, ban da na direban tirelar da zai taho da ita, ban da ladan hannun Abbas.

Ya same ni a bayan ɗakin girki ina karatu.

"Zara, ragon nan naki fa ci kawai yake."

"Na rajista ne, Ya Mala."

"Rajista sai yaushe? Kafin nan na saya miki biyu, har da mai ƙaho irin na sarauta."

Na dubi Umma. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, kuma ba ta kama laifinsa.

"Ki yi haƙuri, yayanki ne. In ana masa dariya a waje, gidan nan ake wa."

Washegari dillali ya ja ragon. Na tsaya ina kallon igiyar da aka bari a turke. Ni dama bakina a littafi yake da kaifi.

Fitilar ta iso wata la'asar a cikin tirelar da ta kai shanu kudu ta dawo, a kwali, an naɗe da buhu, tana warin kashin shanu. Ya Mala ya rungume ta kamar an dawo masa da ɗa daga Makka. 'Yan majalisa duka suka taso, yara suka cika lungu. Ni ina leƙe ta ƙofar zaure.

Abbas ya cire tsohuwar, ya ɗora sabuwar. Ta ƙi zama. Ya juya ta, ya danna da gwiwa, ta ƙi. Ramukan kusoshi suna gefe ɗaya, kunnen ƙarfen da za a ɗaure ta yana ɗaya gefen.

"Lafiya?" in ji Ya Mala.

"Lafiya lau, yallaɓai. Haka kayan Turawa suke, sai an lallaɓa su."

Lallaɓawar ita ce ya ciro zarto ya yanke kunnen. Ya huda sabon rami, ya ɗaure da waya, ya cusa tsinken katako a gefe. Ya goge hannu a wando ya ce a gwada.

Ya Mala ya shiga, ya gyara hula, ya murɗa maɓallin. Ta gefen mai zaman banza ta tashi sumul kamar kullum. Sabuwar ta yi ƙara irin ta injin markaɗe, ta ɗago rabi, ta karkace, ta tsaya tana haska katangar maƙwabta. Yara suka fashe da dariya.

Abbas ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, kamar dai wannan ta gefen mai zaman banza ce."

Sai yanzu ya gani, bayan zarto.

Ya Mala ya kira Legas, ya sa wayar a sifika don kowa ya ji yadda zai ci mutuncin mutum. Ya fara da ka san ko ni wane ne. Ɗan kasuwar ya bar shi ya gama, sannan ya amsa da gurguwar Hausarsa.

"Alhaji, abin da ka turo shi na aiko. Duba hoto naka."

Aka buɗe hoton, kawuna suka haɗu a kai. Ga Ya Mala da tabarau yana murmushi, ga fasasshiyar fitila a bayan kafaɗarsa. Ari, abokinsa da ke sayar da katin waya, ya karɓi wayar ya kusanto da ita ido.

"Mala, yaushe lambar motarka ta koma ajami? Daga dama ake karanta ta."

Kyamarar gaba ta juya hoton kamar madubi. Hagu ya koma dama. Da ya tsaya gaban motar ya ɗauke ta ita kaɗai kamar kowane bawan Allah, da yanzu ragona ya tafi a kan wani abu.

"Ba damuwa," in ji muryar Legas. "Ka dawo da shi, na canza. Amma ba a taɓa shi ba ko?"

Kunnen ƙarfen yana kwance a ƙasa, Abbas ya ɗora silifas a kansa a hankali.

"An ɗan... gyara ta," in ji Ya Mala.

"To ya zama naka, Alhaji. In kana son na gefen direba, akwai ɗaya, amma kuɗi ya hau."

Aka kashe waya. Abbas ya yi gyaran murya.

"Ai ba asara aka yi ba, yallaɓai. Ka adana ta. Bajimai ba su ƙare a garin nan ba, wata rana ɗayar ma za ta fashe." Ya ɗan tsaya. "Sai ladan hannuna na yau."

Ya Mala ya wuce ni a zaure ko kallona bai yi ba. Na bi bayansa na laɓe a jikin tagar Umma.

"Tunkiyar nan mai ciki za ta yi kuɗi," na ji yana cewa. "In na tsaya a nan, kuɗin ragon ya tafi a banza ke nan. Kin ji yadda suke dariya?"

Na jira Umma ta ce a'a. Na jira sosai.

"Bari a yi magariba," ta ce, "zan yi mata magana."

Ya fito yana kiran dillali, yana cewa ya zo da sassafe. Daga nan ya koma wurin motar, domin Ari ya shiga yana ta murɗa maɓallin, karkatacciyar tana kuka, jama'a suna tafi. Umma ta shiga kewaye da buta.

A gidan Ya Kaka ba a kwance dabba daga turke sai ta ce. Ko Baba, da yake ɗanta, daga bakin ƙofa yake mata magana. Kuma ita ta ba ni asalin tunkiyar nan.

Na zura hijabi, na cusa littafina a ƙugu, na ɗebi dusa a leda. Ƙullin igiyar tunkiyar ya ƙi kwantuwa, sai da haƙori. Tunkiyar ta buɗe baki za ta yi kuka, na tura mata dusa. Ƙofar baya da muke fitar da shara tana ƙara in an buɗe ta, don haka na tsaya sai da fitilar ta sake yin kukanta a waje, dariya ta tashi, sannan na ja sakata.

Gidan Ya Kaka a Yindiski da nisa ga tunkiya mai ciki, amma rana ba ta faɗi ba tukuna. Muka bi ta lungun bayan masallaci, ni a gaba ita a baya tana tauna. Ba wanda ya waiwayo.