Sandar Filin Ƙwallo

Malamar lissafi ta aji biyu ba ta yarda a koyi ƙididdiga a kan allo kaɗai ba. Sai ta ba yaranta aiki, su ƙirga inda ɗalibai ke zuwa lokacin hutu: kanti, ɗakin karatu ko filin ƙwallo.

Aka yi rashin sa'a, makon nan ruwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama taɓo. Da suka zana ƙidayar a kwali, kowane wuri da sandarsa gwargwadon yawan masu zuwa, sandar kanti ta yi zaƙwal, ta filin ƙwallo kuwa ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba.

Gola, mai tsare wa ajin raga, ya ce, "Malama, wallahi zanen nan sharri ya yi mana!"

Ta yi dariya. "Darasin ke nan. Zane ba ya faɗa maka an yi ruwa, kai za ka tambaya." Ta sa shi ya rubuta a ƙasan kwalin: an ƙirga a makon ruwa.

Shugaban makarantar, wanda shi ya koya mata lissafi tana yarinya, ya leƙo ya gani. "'Yata, kin burge ni. Ara mini in nuna wa iyaye."

Daɗi kamar ya kashe ta. Da hannunta ta naɗe ta miƙa masa.

Ranar taron iyaye ta hango kwalin manne a bango, an datse ƙasansa da almakashi tsaf. Shugaba ya ɗora ɗan yatsa a kan guntuwar sandar. "Yaran da kansu suka ƙirga, ba mai zuwa filin nan. Gara a gina shaguna."

Ta miƙe za ta yi magana, ya ce, "Zauna, 'yata, an gode miki." Aka tafa mata. Tafin nan ya fi mari ciwo. Haba Malam! Mutumin da ya koya mata kada ta yarda da lamba sai ta san asalinta!

Da sabon mako ya kama, an jibge bulo a bakin raga. Ta shiga aji, ta ɗauki alli.

"Yau sabuwar ƙidaya za mu yi. Masu zuwa ɗakin karatu, hannu sama."

Ko hannu ɗaya bai tashi ba.

Gola ya ce, bai ko ɗago kai ba, "Malama, shi ma rushewa za a yi?"