Baƙi a Kwamin Sama

Duk wanda ya ce min kiwon kunkuru mai babban kai abu ne mai sauƙi, yatsuna kawai nake nuna masa. Halitta ce wadda kanta ba ya shiga ƙoƙon bayanta, baki kamar na aku, ga cizo, ga hawan bango. Ba ta son zafi, ba ta son ruwa kwance. Shi ya sa na jawo ƙoramar dutsen bayan gidanmu ta bi ta kwami huɗu hawa-hawa, ruwan wannan ya zuba a wancan, har ya fita gonar shinkafa.

Dokata ɗaya ce, kowa a gidan ya haddace ta. Baƙon kunkuru a kwamin ƙasa ake sa shi, don in da cuta ya zo, ruwa ya wuce da ita waje. Na sama kuwa babu kowa a ciki, a rufe yake da asabarin gora, yashi kawai yake tacewa.

A na biyu macen kunkuruna take, Masifaffiya nake ce mata. Shekaru ina ɗura mata ƙaguwa da dodon koɗi, ita kuwa duk namijin da na kai mata sai ta yaga masa wutsiya. Bana da ta tashi daga barcin sanyi sai ta yarda da namiji. Ranar da na taɓa gefen cinyarta na ji ƙwai, wallahi zama na yi a jiƙaƙƙen siminti ina dariya ni kaɗai. Wanda na fara kira shi ne ƙanena Baolin, wanda na goya bayan rasuwar uwarmu, wanda da hannunsa ya haɗa min bututun ruwan nan.

Ba a daɗe ba Masifaffiya ta daina ci. Ido ya kumbura, hanci yana kumfa. Namijin da ke kwamin ƙasa da nata ya mutu. Na canza abinci, na zargi zafi, na zargi kaina. Baolin ne ma yake riƙe min ita ina ɗiga mata magani, yana ta yi min sannu.

Wari ne ya kai ni kwamin sama. Ina ɗaga asabarin na ga kunkuraye jibge, wasu kan wasu, rabi sun ruɓe. Zare yana leƙowa daga bakin ɗaya, na ja, na ji ƙugiya a maƙogwaronsa. Na daji ne, kamun mafarauta. Ruwansu Masifaffiya take sha tun ban san yaushe ba.

Na sami Baolin a tsakar gida yana shan taliyar shinkafa. Bai ko musa cewa shi ya zuba su ba. Wai an hana sayar da na daji, amma dillalin birni zai karɓa in daga gidan mai kiwo suka fito, kuma kwana kaɗan ne za su yi. Na ce ya manta dokata ne?

"Yaya, na ƙasan ai daga hanya ana hango shi."

Ashe bai manta ba, aunawa ya yi. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Da hantsi Masifaffiya ta mutu. Ban tsaya kuka ba, na ɗauko wuƙa na buɗe ta, don ƙwan da ya yi ɓawo wani lokaci yakan rayu. Uku na samu, farare, dogaye. Na shimfiɗa su a danshin yashi cikin akwati.

Sai ga Baolin ya shigo sumui-sumui, ya tsuguna kusa da ni. Ni sakarya, har zuciyata ta fara sanyi, na ɗauka haƙuri ya zo bayarwa.

"Yaya," in ji shi, "ɗan matsa in ɗauki hotonsu. In dillalin ya gani zai yarda nawa ma a nan aka ƙyanƙyashe su."

Na duba hannunsa. Kyamarar wayarsa a kunne take tun kafin ya tsuguna.