Shatin Yatsan Maiwada

A shekarun da basasar Kano ta lafa, Lurwanu ya dawo Gaya daga Ikko da wani akwati mai ƙafa uku da ido ɗaya. Fataucin kanwa ya kai su can, shi da taubashinsa Maiwada, ɗan gwaggonsa ta Ajingi, suka zauna hannun wani mai ɗaukar hoto har sana'ar ta kama hannunsu. Mutanen Gaya suka laƙa wa abin suna akwatin kama inuwa.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Maiwada ke shiga 'yar baƙar rumfa ya shafe gilashi da magani, ya miƙo shi da danshinsa. Lurwanu ya lulluɓa da baƙin zane ya buɗe idon akwatin, gilashin ya koma rumfa a wanke tun bai bushe ba. Sai dai bakin Maiwada ba ya hutawa. Da an ce wa dattijo ya yi tsit kada ya motsa, sai murya ta fito daga rumfa: "Baba, riƙe gemunka da kyau, akwatin nan gemu yake ci!" Dattijo ya tuntsire da dariya, fuskarsa ta fito kamar hayaƙi. Ga shi kowane gilashi sai ya bar masa shatin babban yatsansa a kusurwa, inda yake riƙewa.

"Kai dai ƙazamin bawa ne," in ji Lurwanu. "Ran da na fita ni kaɗai za ka ga hoto."

"Ubangidan banza," in ji Maiwada. "Ran nan ko jakinmu ba zai bi ka ba."

Da damina masassara ta ɗauke Maiwada. Da kaka ta yi, Gwaggo Kulu ta aiko daga Ajingi: Lurwanu ya kawo mata fuskar yaron nan.

Ya zazzage abin da ke ɗakinsa kaf. Hotuna masu kyau duk masu su sun karɓe, ɓatattu kaɗai suka rage. Ga mahauta, ga masaƙa, ga wata amarya da ta kau da kai. Maiwada babu shi ko a ɗaya. Ina za a same shi? Kullum idon akwatin ya buɗe, shi yana cikin rumfa.

Ya ɗaura wa jaki kaya ya kama hanya. A gindin wata tsamiya kusa da Ajingi ya tsaya, inda suka saba hutawa. Haske ya zubo ta cikin ganye ya kwanta a kan dammunan gero, irin hasken da yake ta fatan samu ba mai surutu a kansa. Ya kafa akwati da rumfa, ya shiga zane, ya miƙa hannu baya don karɓar gilashi kamar kullum. Hannun ya daɗe a miƙe.

Ya shiga rumfar da kansa, ya shafe gilashin, ya riƙo shi gefe da gefe yadda ya sha cewa a yi. Hoton ya fito tas, kowane ganye da kamarsa, kusurwa fes. Lurwanu ya dube shi. Bai taɓa ganin abu mai kyau da ya yi shiru haka ba.

Ya sami Gwaggo Kulu a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ka kawo?"

"Gwaggo, ban taɓa ɗaukarsa ba."

Hannunta ya tsaya. "Kun ɗauki mahautan Gaya, kun ɗauki jaki ma an ce. Abokin wasanka ne bai kai ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ɗan fari ne," ta ce a hankali. "Ban taɓa kiran sunansa ba. In ya shigo sai in dubi tukunya, kada a ce ba ni da kunya. Ina cewa akwai lokaci. Yanzu in na rufe ido, ƙeyarsa kawai nake gani yana fita."

Lurwanu ya kwance ƙunshi, ya zaro ɗaya daga ɓatattun nan, ya ɗora a kan baƙin zanensa.

"Wannan wane ne? Ba shi da fuska."

"Wani tsoho ne a kasuwarku. Dariya yake yi. Ɗanki ne ya ba shi dariyar." Ya nuna mata kusurwa. "Nan kuma yatsansa ne. Kullum sai na yi masa faɗa a kai."

Ta karkata gilashin wajen rana. Layukan yatsan suka fito sirara, har da tabon lauje da ya ratsa su.

"Ranar yankan shinkafa ya yi wannan," ta ce. "Kakarsa ce ta ɗaure masa. Ni ina daga bakin ƙofa."

Ta goge hannunta a zane, ta ɗora babban yatsanta a kan shatin, ta danne.

"Maiwada," ta ce.

Lurwanu ya juya ya dubi jakin.