Kafin Duriyan Ya Faɗo

Ni na riga kowa ganin Rozaimi yana ɗaura wuƙa a bakin doguwar gora, a bayan gidan uwarsa. Masu cewa su ma sun gani ƙarya suke yi, a lokacin suna shagon kofi suna musun wanda kurciyarsa ta fi iya kuka. Ni Deraman ban taɓa zama a aji ba, amma ambaliyar Kogin Pahang ta cinye gidana ta bar ni, duriyan, ƙaton ɗan itacen nan mai nauyi da ƙanshi, ya faɗo mini a ka da ƙayarsa ban mutu ba, ga tabon nan. Idon da ya tsallake waɗannan ba ya gani ba daidai ba.

Rozaimi shi kaɗai Inna Sepiah ta haifa. Ya daɗe a Kuala Lumpur, yana aiki a wani dogon bene da ba a buɗe tagoginsa. Ya zo ne ya tafi da ita, domin likitan birni ya ce kumburin da ke cikinta sai an yi aiki, kuma ranar da aka ba su ita ce washegarin ranar da na gan shi da gorar. Ita kuwa ta ce ba inda za ta sai duriyan na bishiyar mijinta ya faɗo. Tun da mijin ya rasu, wanda ya fara faɗowa kowace shekara shi take fasawa ta raba wa maƙwabta, a yi wa mamacin addu'a.

Da farkon zuwansa ƙauyen ya burge shi. Ya yi ta ɗaukar hoton gonakin roba yana cewa mun huta. Kafin mako ya zagayo hutun namu ya zame masa ciwo. Mai kofi sai ya kai ƙarshen labarinsa kafin ya zuba ruwan zafi. Bauna ta kwanta a tsakiyar hanya, masu babur su kashe inji su jira ta tashi. Wayarsa ba ta kamawa sai ya taka har kan gada. Duk wanda ya tambaya yaushe duriyan zai faɗo, sai a ɗaga kai a dubi bishiyar, a shaƙi iska, a ce, “Ya kusa.” Wannan kalma ta tsaya masa a wuya. A birni, in an ce abu ya kusa, akwai agogon da za a duba.

Da safen nan ya durƙusa gaban tabarmarta, kusa da tagar da take kwana tana sauraron bishiyar.

“Inna, likita ba ya jiran bishiya.”

“Ni ma ban ce ya jira ba.”

“In ranar nan ta wuce, ban san yaushe za su sake ba mu wata ba.”

“To Allah ya kai mu,” ta ce, ta juya fuskarta wajen taga.

Ya dubi hannunta, ya ga awarwaron da ya sani a wuyan hannu ya zame har gwiwar hannu. Sai ya sauka daga matakalar gidan ya nufi inda ake jingine gora. A nan na same shi.

“Kai ɗan birni,” na ce, “kaciya za ka yi wa bishiyar?”

“Baba Deraman, ka rufa mini asiri.”

“Duriyan ba a tsinko shi. Shi yake saukowa da kansa.”

“In na jira shi, ita fa?”

Ban riƙe masa gorar ba, ban kuma ƙwace ta ba, ni ba na shiga tsakanin ɗa da uwa. Ya yi ta kai sara sama, gumi na shiga masa ido, wuƙar tana kuskurewa tana yankar bawon reshe. Can ya dace. Abin ya faɗo cikin ciyawa, tim. Ya rungumo shi a rigarsa, ƙaya tana huda masa tafin hannu, ya hau da shi.

Tana zaune ya tarar da ita. Ta ji ƙarar, har ta gyara ɗankwalinta. Ya ajiye a gabanta, ta sunkuya ta shinshina. Ba ƙanshi. Ta kai yatsa kan gindin, inda ya kamata ta ji gaɓar da ta rabu da kanta, sai ta ji santsin wuƙa da danƙo ɗanye. Yatsan ya daɗe a wurin. Rozaimi ya ƙura wa tabarma ido.

“Kira mini mutane,” ta ce.

Suka zo ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, suna cire takalma a gindin matakala. Liman ya zo, mai kofi ya rufe shago ya zo. Nunannen duriyan da ɗan taɓi yake buɗewa, wannan sai da aka sa adda. Cikinsa fari fat, tauri kamar ɗanyen rogo. Inna Sepiah ta yanyanka da hannunta ta miƙa wa kowa. Ba wanda bai gane ba. Ɗakin ya cika da ƙarar tauna, gurus, gurus. Wata tsohuwa marar haƙora ta ɓoye nata a kumatu. Liman ya haɗiye da ƙyar, ya ɗaga hannu, aka yi wa mamaci addu'a.

Yanki na ƙarshe ta miƙa wa ɗanta.

“Ci,” ta ce. “Kai ma haka ka zo mini, bakwaini, ban mayar da kai ba.”

Ya ci. Ya so ta zage shi, ko ta ce ta fasa tafiya. Sai kawai ta ce a ɗauko mata jakarta da abin sallarta.

Bayan azahar aka sauko da ita a kan kujera aka sa ta a mota. Ta ce ya bar mata gilashi a buɗe. Ya ce ƙura za ta sa ta tari, ya ɗaga shi, ya kunna sanyi. Ta jingina kai ta rufe ido. Motar ta fara gangarawa a hankali saboda ramukan hanya, mutane suna tsaye a bakin gida, ba mai ɗaga hannu.

Motar ba ta kai kwanar masallaci ba na ji tim a bayana. Ni na fara ji. Ƙanshin nunannen duriyan ya tarbe ni tun kafin in isa wurin. Na sure shi da hannu biyu, ban damu da ƙaya ba, na fito tsakiyar hanya na ɗaga shi bisa kaina ina kiran sunan yaron.

Ya gan ni a madubi. Na san ya gan ni, domin jar fitilar birki ta kama. Ya dubi uwarsa, idonta a rufe. Ya dubi agogon mota. In ya juya, mutane za su sake taruwa, a sake addu'a, la'asar ta yi, wani ya ce a bari sai gobe. Fitilar ta ɗan jima tana ci. Sannan ta mutu, motar ta sha kwana.

An yi aikin a ranar da likita ya sa, ba a makara ba. Ba ta farka ba. A can birni aka binne ta, a wata maƙabarta da ke gefen babbar hanya, inda ƙarar motoci ba ta ɗaukewa.

Yanzu kowace shekara Rozaimi yana zuwa tun bishiyar na fure. Ba ya hawa gada neman waya. Yana zama a bakin tagar nan, in na wuce ya ce, “Baba, ya kusa?” Ni kuma in ce ya kusa.

Wanda ya ce Deraman ya ƙara gishiri, ya zo lokacin da duriyan ke faɗowa. Sawun wuƙar yana nan a reshe na dama. Ya cire hularsa, ya tsaya ƙarƙashin bishiyar ya ɗaga kai ya nema, in ya isa.